"Huhu ai huhu ne": maganar da ke jefa majinyatanmu cikin hatsari

Yau gardama na zo yi da wata magana da na ji a Gyallesu, daga bakin wani dattijo da nake ganin girmansa. Na tabbata kai ma ka taɓa jin irinta, wataƙila ma ka taɓa faɗar ta.

Wani dare bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida, sai wani maƙwabcinmu ya fito da babban ambulan mai ruwan ƙasa, irin wanda ake saka hoton ƙirji a ciki. Hotunan na ɗan ƙaninsa ne, saurayi tela mai shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi tarin fuka shekara uku da suka wuce, ya sha magani wata shida bai tsallake ba, aka gwada kakinsa aka ce ƙwayar cutar ta mutu. Amma tarin bai rabu da shi ba, kuma yanzu jini yake gani in ya tofar. Likitan fiɗar ƙirji ya duba shi, ya ce mai yiwuwa sai an cire wani ɓangare na huhun dama, amma ba zai sa ranar aiki ba sai an yi masa hoton siti sikan, tare da allurar da ke haska jijiyoyin jini. Dangi sun riga sun yi karo-karo sun haɗa kuɗin aiki. Kuɗin hoton ne ya tsaya musu a rai.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya. Hoto uku muka yi wa yaron nan, ga su a hannuna. Huhu ai huhu ne. Mutumin da ya yi shekaru yana buɗe ƙirjin jama'a, yau ne zai ce bai san hanya ba sai an zana masa? Wannan neman kuɗi ne kawai." Na ce masa, "Baba, ka gafarce ni, a nan kam ba na tare da kai." Abin da ban samu damar ƙarasa masa a daren ba shi ne zan shimfiɗa maka a nan, domin wannan magana tana sa iyalai su janye majinyaci daga hannun likita a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Yadda huhu yake a littafi

Huhu biyu ne, kuma kowanne a rabe yake gida-gida. Na dama yana da manyan sassa uku: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Na hagu yana da biyu, domin zuciya ta ci masa fili. Tsakanin sassan akwai tsagi, kamar yadda lemu yake rabuwa in ka ɓare shi. Kowane sashe kuma ya sake rabuwa zuwa ƙananan yankuna. A dama yankuna goma ne: uku a sama, biyu a tsakiya, biyar a ƙasa. A hagu tsakanin takwas ne zuwa goma, gwargwadon yadda wasu suka haɗe da juna da kuma yadda aka ƙirga.

Kowane yanki yana da reshen iskarsa da jijiyar da ke kawo masa jini, su biyun suna shiga ta tsakiyarsa. Jijiyoyin da ke kwashe jinin zuwa zuciya kuwa suna bin kan iyaka ne tsakanin yanki da yanki. Wannan tsari shi ya sa likita zai iya cire yanki guda ya bar maƙwabtansa suna numfashi, kamar yadda magini kan rushe ɗaki ɗaya a gida ya bar sauran a tsaye, muddin ya san katangar da ke ɗauke da azara.

Wannan shi ne hoton da ke cikin littafi, kuma shi ne abin da dattijon nan yake nufi da ya ce huhu huhu ne. Sai dai littafi yana zana abin da aka fi gani ne a cikin jama'a. Mutumin da ke kwance a gadon fiɗa kuwa mutum ɗaya ne, da irin tasa halittar.

Inda mutum ke saɓa wa littafi

Mu fara da tsagin da ke raba sassa. A wajen mutane da yawa tsagin ba ya kaiwa ƙarshe, sai sassan biyu su manne da juna a can ciki. Tsagin da ke tsakanin sashen sama da na tsakiya a huhun dama shi ya fi yin haka, har wasu binciken suka same shi bai cika ba a fiye da rabin mutanen da aka duba, wasu ma babu shi gaba ɗaya. Mai lafiya ba zai taɓa sanin haka ba. Amma in za a cire sashe, dole likita ya yanka ta cikin tsokar huhun kanta, kuma wurin da aka yanka yakan yi ta yoyon iska bayan aiki. Wannan yoyo shi ke sa robar ƙirji ta daɗe a jiki, kwanakin asibiti su ƙaru, kuɗin gado da na magani su ƙaru tare da su. Likitan da ya san da haka tun farko yakan sauya hanyar shigarsa, ya fara da ɗaure jijiyoyi da reshen iska, ya bar raba tsokar zuwa ƙarshe.

Sai rassan iska. In Allah ya kai mu babbar salla, ka tsaya kusa da mai fiɗar ragon layya ka dubi huhun da kyau. Za ka ga wani reshe ya fita daga jikin maƙogwaro ta dama, tun kafin maƙogwaron ya rabu biyu. Haka tumaki da awaki da shanu suke. A jikin ɗan Adam ba haka aka saba gani ba, amma akwai waɗanda aka haifa da irin wannan reshe, daga mutum ɗaya cikin dubu zuwa biyu cikin ɗari, bisa bambancin bincike. Muhimmancinsa ya fi bayyana ga likitan sa barci. A aikin ƙirji sai an sace iskar huhun da za a taɓa, majinyaci ya ci gaba da numfashi da ɗayan, ta hanyar wani bututu mai baki biyu da ake zura masa. In akwai reshen da ya fita a inda ba a zata ba, bututun zai iya toshe shi, ko kuma sashen da ake so ya kwanta ya ƙi kwanciya.

Akwai kuma wani ƙarin sashe da ake samu a ƙololuwar huhun dama. Wata jijiya da ake kira azigos, tun mutum yana ciki, takan ratsa ta cikin huhu maimakon ta bi gefensa, sai ta yanke wani ɓangare ya zama kamar sashe mai zaman kansa. Wani masanin halittar jiki Bajamushe, Heinrich Wrisberg, ya bayyana shi tun a ƙarni na 18, kuma ana samunsa a wajen mutum ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Ba cuta ba ne. Amma a hoton eksire yana barin wani layi da ɗan ɗigo a can sama, daidai inda tarin fuka ya fi son zama, kuma wanda bai ƙware ba zai iya ɗaukarsa tabo ko ƙari.

Abin da ya fi duka hatsari shi ne jijiyoyin jini. Dukkan jinin da ke jikinka sai ya ratsa huhu kafin ya koma zagayawa, wajen lita biyar a kowane minti ɗaya kana zaune. Jijiyoyin da ke ɗauke da shi masu faɗi ne, fatarsu kuma siririya ce. Sashen sama na huhun hagu kaɗai yana iya samun rassan jijiya biyu a jikin wani, bakwai a jikin wani, wasu ma a ɓoye suke bayan reshen iska. In likita ya ɗaure huɗu ya ja sashen alhali akwai na biyar, sai ya yage, kuma jinin da ke zuba daga nan ba ya ba da lokacin shawara. Haka jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya: yawanci biyu ne a kowane gefe, amma a hagu sukan haɗe su zama gangar jiki guda kafin su shiga zuciya. Wanda ya ɗaure wannan yana zaton ta sashen sama ce kaɗai, ya toshe mafitar jinin huhun duka, kuma an sha rubuta irin wannan kuskure a mujallun likitoci, inda aikin sashe guda ya ƙare da rasa huhu sukutum. A dama ma, jijiyar sashen tsakiya takan zuba cikin ta sashen ƙasa. A cire sashen ƙasa ba tare da lura ba, sai na tsakiya ya cika da jini ya lalace.

Kai, akwai ma wanda kayan cikinsa duka a juye suke, zuciya a dama, huhu mai sassa uku a hagu. Wajen mutum ɗaya ne cikin dubu goma. A gari mai yawan jama'a kamar Zariya, irinsu suna nan suna cin kasuwa tare da mu.

Abin da eksire ba zai iya nunawa ba

Yanzu koma kan hotuna ukun da ke hannun dattijo. Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895, inuwa ce. Ƙashi da zuciya da jijiyoyi da huhu duk suna faɗawa kan juna a faifai guda. Yana da amfani ƙwarai: yana nuna ruwa a ƙirji, da kogon tarin fuka, da huhun da ya sace, kuma yana da araha. Amma ko sau goma aka ɗauke shi ba zai ƙirga maka rassan jijiya ba, ba zai ce tsagi ya cika ko bai cika ba. Hoto uku na inuwa ɗaya bai ƙara wa likita sanin komai ba.

Siti sikan kuwa, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro aka fara gwada shi a kan majinyaci a Landan a 1971, yana ɗaukar jiki ne yanka-yanka, ɗaruruwan faifai sirara, wasu kaurinsu bai wuce milimita ɗaya ba. In an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, kowace jijiya sai ta fito fili, kuma kwamfuta za ta iya haɗa faifan ta gina siffar huhun mutumin, likita ya juya ta gaba da baya kafin ya taɓa wuƙa. Gani ya kori ji. Likitan da ya nemi wannan hoto ya san huhu sarai, kuma saninsa ne ya koya masa cewa naka zai iya bambanta da na wanda ya buɗe jiya.

Me ya sa yanki guda yake da daraja

Tarihin fiɗar huhu tarihi ne na koyon yanka kaɗan. A 1933, a birnin Sent Luwis na Amurka, Evarts Graham ya cire huhu guda sukutum daga wani majinyaci mai ciwon daji, mutumin ya rayu shekaru masu yawa, duniya ta yi ta mamaki. A 1939, Edward Churchill da Ronald Belsey suka nuna cewa za a iya cire yanki kaɗai a bar sauran sashen. A 1955 Edward Boyden ya wallafa littafinsa kan yankunan huhu, bayan ya shafe shekaru yana bin rassan iska da jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma babban abin da aikinsa ya tabbatar shi ne yawan bambancin da ke tsakanin mutane.

A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Japan, mai majinyata 1,106 masu ƙaramin ciwon dajin huhu wanda bai wuce santimita 2 ba. An cire wa rabinsu sashe, rabi kuma yanki. Bayan shekara biyar, kashi 94.3 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, a kan kashi 91.1 na waɗanda aka cire wa sashe. Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba: ciwon ya fi dawowa a wurin da aka yi aikin ga waɗanda aka cire wa yanki, saboda haka ba kowane ciwo ne ya dace da ƙaramin aiki ba. Zaɓin yana bukatar taswirar da ta nuna inda ciwon yake da tazararsa daga iyakar yanki.

Ga wani lissafi da likitoci ke yi wanda ya kamata iyali su sani. Sukan ɗauki huhu biyu a matsayin yankuna 19. Kafin aiki ana sa majinyaci ya hura iska cikin wata na'ura a auna ƙarfin numfashinsa, sannan a ƙirga yankunan da za a cire a ga abin da zai saura. Cire sashen ƙasa na dama cire biyar ne cikin 19, fiye da rubu'in numfashin mutum. Ga saurayi mai lafiyayyen huhu wannan ba komai ba ne. Ga wanda tarin fuka ya riga ya ci masa ɗaya gefen, ko dattijuwar da ta shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin itace a madafi, yankuna biyu ko uku ne za su raba tsakanin mai iya takawa zuwa kasuwar Tudun Wada da mai haki daga ɗaki zuwa zaure.

Cututtukanmu sun ƙara dagula taswirar

Kada ka ce wannan zancen Japan ne da Amurka. Abin da ke kai mutanenmu gadon fiɗar ƙirji ya fi karkata ga abin da tarin fuka ya bari, da mugunyar da ta taru a ƙirji, da hatsarin mota, da abin da aka shaƙe ya maƙale. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa fiye da mutum 400,000 ne ke kamuwa da tarin fuka a Najeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai ta a Afirka. Maganinsa kyauta ne, kuma a nan Saye muna da cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta. Amma maganin yana kashe ƙwayar cuta ne, ba ya cike ramin da ta haƙa. Wani kogon ya zauna lafiya, wani kuma fumfuna ta shiga ta dunƙule a ciki, ta riƙa goga bango har jini ya ɓalle. Wani kuma rassan iskarsa ne suka buɗe suka lalace, kullum cikin kaki mai wari.

Irin wannan huhu yakan manne da haƙarƙari, tabo ya jawo jijiyoyi daga mazauninsu, ƙwayoyin kaluluwa su taurare su liƙe a jikin jijiya. Wato ga bambancin halitta, ga kuma ɓarnar cuta a kansa. Likitocin fiɗar ƙirji sun san cewa wannan aiki ya fi na huhun da bai taɓa ciwo ba wuya da zubar jini. In akwai inda ake bukatar taswira, to a wajen majinyatanmu ne.

Haka abin da ake shaƙewa. Babban reshen iska na dama ya fi na hagu faɗi da gajarta, kuma ya fi miƙewa, shi ya sa ƙwayar gyaɗa da yaro ya shaƙe ta fi gangarawa dama. 'Yanmatan da ke riƙe fil a baki yayin gyara ɗankwali ko hijabi su ma sukan shaƙe shi in dariya ko tari ya zo. Mafi yawa ana zaro su da na'urar leƙa hanyoyin iska. Amma in fil ya nutse can cikin wani yanki na ƙasa, ko gyaɗa ta yi watanni ta ruɓar da wurin, sai an buɗe ƙirji, kuma sanin ainihin yankin shi ke hana a cire wa yarinya 'yar shekara goma sha biyar sashe guda saboda fil.

Hujjojin masu ƙi

Hujja ta farko kuɗi ne, kuma ba zan raina ta ba. Hoton yana da tsada, ana kuma neman gwajin ƙoda kafin allurar, ga kuɗin mota. Wani lokacin ka je ka tarar na'ura ta lalace, a tura ka wani gari. Amma ka auna da kyau. Iyalin da suka sayar da fili ko shanu don aiki, sannan suka ƙi hoton, sun yi kamar mai haƙa rijiya da ya biya leburori amma ya ƙi biyan wanda zai nuna masa inda ruwa yake. Ledar jini, kwana a ɗakin kulawa ta musamman, ƙarin mako biyu da robar ƙirji, ko aiki na biyu, kowanne a cikinsu zai iya cinye abin da aka yi tattali har ya ƙara. Araha ba ta ado, balle a ƙirjin mutum.

Hujja ta biyu: ai in ya buɗe zai gani. Zai ga saman huhu. Jijiyoyin suna binne ne cikin tsoka da tabo, sai an tono su a hankali, kuma wanda ya san akwai reshe a bayan bututu ba zai tura almakashi can a makance ba. In kuma aikin na ƙananan huji ne da kyamara, wanda ke rage zafi da kwanakin jinya, to likita ba ya ma iya shafawa da hannu yadda yake so.

Hujja ta uku: likitocin da ba su yi ba tare da shi ba? Sun yi, kuma sun yi jarumta. Amma sun yi ne da manyan yanka, suna cire fiye da abin da ake cirewa yau, kuma majinyatansu sun fi na yau mutuwa. Kakanninmu sun je Makka a ƙafa, amma ba wanda zai ce maka ka bi sawunsu alhali ga jirgi.

Hujja ta huɗu ita ce tsoron hasken na'ura. Gaskiya ne siti sikan ya fi eksire haske nesa ba kusa ba. Na ƙirji guda ya kai kwatankwacin abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara biyu, eksire kuwa na kwana goma. Shi ya sa ba a yin sa don nishaɗi, kuma mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda ko wanda allurar ta taɓa yi wa illa dole ya faɗa tun farko. Amma ga wanda za a buɗe wa ƙirji, wannan hatsari ƙarami ne ƙwarai a kan na shiga aiki babu taswira.

Laifin ba na iyali kaɗai ba ne

Zan yi zalunci in na tsaya a kan dattijon nan. Me ya sa ya zargi likita? Domin ba wanda ya zauna da shi minti biyar ya yi masa bayani. An miƙa masa takarda mai rubutun da ba ya iya karantawa, aka ce ya je ya dawo. Mutumin da ya taɓa biyan gwajin da ba a ko duba sakamakonsa ba yana da dalilin yin zargi. Ina kira ga likitocinmu: takarda da biro sun isa a zana wa uba sassa uku da biyu, a nuna masa inda ciwon ɗansa yake, da Hausar da zai fahimta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfaninsu da hatsarinsu da kuɗinsu. Haƙƙinka ne, ba alfarma ake yi maka ba.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Mu a Zariya mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da sashen fiɗar ƙirji da zuciya, kuma daga jihohi da dama ake zuwa neman sa. Amma samun ƙwararre bai wadatar ba in talaka ba zai iya biyan hoton da ƙwararren ke bukata ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. Ka yi rajista tun kana lafiya, ka kuma tambaya ƙarara ko tsarin da ka shiga yana ɗaukar kuɗin irin wannan hoto, duka ko wani kaso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ka yi in ta same ka

In an ce za a yi wa naka aikin huhu, ka shiga wurin likita da tambayoyinka a shirye, domin matambayi ba ya ɓata. Wane gefe ne, wane sashe, wane yanki? Nawa za a cire cikin 19, kuma me gwajin numfashi ya nuna game da abin da zai saura? Hoton ya nuna wani abu da ya saɓa wa abin da aka saba gani a jijiyoyi ko rassan iska? In aka shiga aka tarar da abin da ba a zata ba, har ina iyali suka yarda a kai? Leda nawa ta jini za a tanada? Wa zai yi aikin, kuma ya saba yin irinsa?

Kafin ka biya kuɗin hoto, ka sa likitan fiɗa ya rubuta irin wanda yake so, da allura ko babu, don kada ka biya sau biyu. In an gama, ka karɓi faifan da ke ɗauke da hotunan duka, kada ka tsaya ga takardar rahoto kaɗai, domin likitan fiɗa da idonsa yake son bin jijiyoyin. Ka adana shi tare da tsofaffin hotuna da katin maganin tarin fuka, nesa da rana da danshi. In hoton ya yi watanni kafin ranar aiki ta zo aka ce a sake, kada ka yi fushi: halitta ba ta sauyawa, amma cuta tana tafiya. Kada kuma ka auna majinyacinka da na maƙwabci, ka ce ai wane kwana biyar ya yi aka sallame shi. Sannan duk wanda ya tofar da jini mai yawa, kamar cikin ƙaramin kofin shayi, a kai shi asibiti a daren, a kwantar da shi ta gefen da aka san yana da ciwon. Ƙaho da tsaga a ƙirji ba sa kaiwa inda jinin ke fitowa.

Saurayin nan tela, an mayar da shi gida, ya yi wata biyu yana shan jiƙe-jiƙe. Wata asuba jini ya ɓalle masa, aka ɗauke shi a a-daidaita-sahu, aka ƙara masa leda uku kafin ya dawo hayyacinsa. Kuɗin da aka tara don aiki, wani ɓangare ya tafi a nan. Sai da aka sake karo-karo, aka yi hoton da aka ƙi tun farko, sannan aka yi aikin. Yana nan da ransa, ya koma kan kekensa, ko da yake har yanzu bai gama biyan bashi ba. Da na je gaishe shi, dattijon ya rako ni har bakin titi, ya ce, "Malam, da likitan ya zana mini a takarda kamar yadda ya yi ranar aiki, da ban yi gardama ba." Na ce, "Baba, da kai ma ka tambaye shi." Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta don wasu su ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.